Yadda ake zagaya tsibirai da lungunan duniya a ƙaramin jirgin sama ba tare da aljihu ya yi kuka ba

Mutane in sun ga hotunan da nake ɗauka ta tagar ƙaramin jirgi sai su ɗauka kuɗi ne suka yi min yawa, har wani ya taɓa ce min ai sai ku manya. Wallahi abin bai kai haka ba. Akwai wuraren da jirgin sama shi ne motar hayarsu, shi ke kai mara lafiya asibiti, shi ke kawo wasiƙa da magani da malamin makaranta, don ko dai ruwa ya zagaye su ko kuma babu titi kwata-kwata. Juneau babban birnin jihar Alaska ne a Amurka amma ba titin mota da ya haɗa shi da sauran ƙasar, a Girinland kuwa tsakanin gari da gari ma babu titi. Irin jiragen waɗannan wuraren nake bi, kuma na yi asarar kuɗi da yawa kafin na gane cewa tikitin kansa ba shi ne ya fi cin mutum ba, abin da ke cinye ka shi ne tsarin da ka fara ta baibai, sai kayan da ka jibga, sai ranar da jirgi ya ƙi tashi kai kuma ba ka bar wa kanka ko kwana ɗaya na rara ba. To bari mu bi abin daki-daki.

Kayan da za ka tanada

Jaka mai laushi, irin ta yadi mai zif ko ta goyo. Akwatin nan mai tauri mai taya ka bar shi a gida, don ma'ajiyar kayan ƙaramin jirgi wani ɗan lungu ne a hancinsa ko a ƙarƙashin cikinsa, cusa kaya ake yi kamar ana cusa filo, akwati kuwa ba ya lanƙwasuwa, kuma shi kaɗai ba komai a ciki zai iya cinye maka kilo 4. Sai ɗan sikelin hannu mai ƙugiya, wannan kam shi ne abin da ya fi komai mayar min da kuɗinsa. In ba ka da shi hau sikelin awon mutum da jakar a hannu, ka sauka ka sake hawa babu ita, ka cire.

Waya mai manhajojin Google Flights ko Skyscanner na duba farashi, Flightradar24 na ganin inda jirgi yake, Windy na duba iska da hadari, da taswirar da ka sauke tun kana da data don can ba lallai ka samu sabis ba. Fawa banki wanda bai wuce 100Wh ba, wato kusan 27,000mAh, kuma a jakar hannu yake zama, ba a yarda a sa shi cikin kayan da ake lodawa ba. Katin banki guda biyu na bankuna daban, da tsabar kuɗin ƙasar da za ka shiga masu ƙananan canji, don kuɗin ƙarin kilo da harajin ƙaramin filin jirgi sau da yawa a hannu ake karɓa. Fasfo da ya rage masa aƙalla wata 6, biza in ana buƙata, da kwafinsu a takarda. Inshorar tafiya. Abin toshe kunne, don ƙarar farfela ba wasa ba ce, da maganin jiri in kana cikin masu amai a mota. Na ƙarshe kalanda ta takarda da fensir, kar ka raina su, za ka goge ka sake rubutawa ya fi sau goma.

1. Gano wane jirgi ke zuwa ina

Kuskuren farko da sabon shiga ke yi shi ne ya buɗe Google Flights ya rubuta sunan tsibiri, in bai ga komai ba ya ce babu jirgi. Akwai jirgi, ƙananan kamfanoni ne da yawansu ba sa cikin waɗannan manhajojin. Abin da nake yi shi ne na nemi shafin filin jirgin a Wikipedia, akwai wani teburi a ƙasa da ke jera kamfanonin da ke sauka da garuruwan da suke zuwa, daga nan na shiga shafin kowane kamfani ɗaya bayan ɗaya. Teburin wani lokaci ya tsufa, shi ya sa nake tabbatarwa a Flightradar24, in duba ko jirgin ya sauka da gaske a satin da ya wuce, kuma sau nawa aka soke shi. Ka haddace haruffa ukun da ake yi wa kowane filin jirgi laƙabi da su, don akwai tsibirai masu suna iri ɗaya a ƙasashe daban, kuma sunan filin jirgi ba kullum yake zama sunan tsibirin ba.

In ka zana abin a takarda za ka ga wani abu da taswira ba ta nunawa. Tsibirai biyu na iya zama kusa da juna har kana hango ɗaya daga ɗaya, amma babu jirgi tsakaninsu, dole ka koma babban gari ka sake fitowa, kamar wayoyin ƙafar keke da duk suke haɗuwa a tsakiya. Tikiti biyu ke nan maimakon ɗaya, wani lokaci har da kwana. Wasu tsibiran kuma ba su da filin jirgi mai aiki sam, kamar Santo Antão da Brava a Cape Verde, sai ka sauka a tsibirin da ke maƙwabtaka ka ƙarasa a jirgin ruwa. Gara ka san wannan tun kana zaune da fensir a hannu.

2. Fara da jirgin da ya fi wuyar samu

Nan ne na fi so ka tsaya ka karanta sau biyu. Tafiyata ta farko na ga rangwame a tikitin babban jirgi na ƙasa da ƙasa, na saya da murna irin wanda ba a canjawa ba a mayar da kuɗi, sai daga baya na zo duba jirgin tsibirin da nake son zuwa na tarar sau biyu kawai yake tashi a sati, Talata da Asabar, ni kuma ranar Talata da yamma zan sauka bayan ya riga ya tafi. Kwana huɗu na yi a otal a garin da ba shi na zo gani ba, kuɗin otal ɗin ya ninka rangwamen da na yi ta murna a kai.

Saboda haka a kalandarka fara rubuta ranakun jirgin da ya fi ƙarancin tashi da ƙarancin kujeru, shi ne turken, sauran duka a jikinsa za a ɗaure su. Jirgi samfurin Britten-Norman Islander fasinja 8 ko 9 yake ɗauka, Cessna Caravan 9 zuwa 12 galibi, Twin Otter 19, sai ATR 72 mai kusan 70. Ka ga in jirgi mai kujera 8 ne kuma iyali ɗaya suka tashi tafiya, shi kenan an cika. Babban jirgi kuwa kullum akwai shi, kamfanoni da yawa ne, shi ake saya a ƙarshe ko aƙalla bayan ka tabbatar ƙaramin na da wuri.

Kuma ka lura da abin da ke juya jadawalin wurin. A Barra da ke Sikotland jirgi a kan rairayin bakin teku yake sauka, in ruwa ya cika titin jirgin ma yana ƙarƙashin ruwa, don haka lokacin tashi yana bin janyewar ruwa ne, yau daban gobe daban. A Maldives jiragen da ke sauka a kan ruwa da rana kawai suke aiki, in babban jirginka ya sauka da yamma liƙis sai dai ka kwana ka jira gari ya waye. A Nepal lokacin da masu hawan dutse suka yi yawa ana mayar da yawancin jiragen Lukla su tashi daga Ramechhap, tafiyar awa 4 zuwa 5 a mota daga Kathmandu, mutane cikin dare suke kama hanya. Duk wannan kuɗi ne da lokaci da ba a rubuta a jikin tikiti ba.

3. Inda arahar take ɓuya

Wuri na farko shi ne hanyoyin da gwamnati ke ba wa tallafi. Tunda ba kamfanin da zai ci riba da kai mutum shida wani ƙauye, gwamnatoci kan biya kamfani ya riƙe hanyar, su kuma ƙayyade farashi. Amurka na da irin wannan shirin tun 1978 mai suna Essential Air Service, Turai na da nasu a Norway da Sikotland da tsibiran Girka da Fotugal, Indonesiya mai tsibirai sama da 17,000 tana da waɗanda suke kira perintis, kamfanin Susi Air na cikin masu yin su da Cessna Caravan. Shahararren jirgin nan na Westray zuwa Papa Westray a tsibiran Orkney, wanda tazararsa kilomita 2.7 ce kuma bai kai minti 2 a sama ba, shi ma cikin irin wannan tsarin yake. Daɗin waɗannan hanyoyin shi ne farashinsu ba ya yawan hawa da sauka, matsalarsu kujera, don mutanen gari ne suka fi kowa buƙata.

Amma fa a kula, akwai rangwamen da na 'yan gari ne kawai. Mazauna tsibiran Canary da Baleares a Sifaniya ana rage musu kashi 75 cikin 100, mazauna wasu tsibiran Sikotland kashi 50. A shafin sayen tikiti akwai ɗan akwatin da ake dannawa a ce ni mazauni ne, wani lokaci ma za ka tarar an riga an danna maka, sai ka ga farashi ya faɗo ƙasa ka ce yau na yi sa'a. A kanta za su nemi shaidar zama, in babu sai ka sayi sabon tikiti a farashin ranar, shi ma in akwai wuri. Haka jirgi mai saukar ungulu na tsibiran Faroe yana da araha saboda tallafi, amma don mutanen tsibiran aka yi shi, ba sa sayar da zuwa da dawowa a rana ɗaya, sai ka haɗa da jirgin ruwa.

Wuri na biyu tikitin dunƙule, wanda ake biya sau ɗaya a zagaya tsibirai da yawa. Air Tahiti na da irinsa, kamfanin JAL na Japan kuma na da Japan Explorer Pass, rangwame a kan kowace tafiya ta cikin gida ga baƙin da suka shigo da tikitin ƙasa da ƙasa. Kafin ka saya ɗauki fensir ka haɗa farashin tikitocin ɗaya-ɗaya ka gwada, in tsibiri biyu kawai za ka je sau da yawa dunƙulen ba ya biyan kansa, kuma yana da sharuɗɗa, kamar ba ka komawa tsibiri ɗaya sau biyu ko dole ka bi jeri ɗaya. Na taɓa sayen irinsa saboda kwaɗayi, na ƙare ina gudu daga tsibiri zuwa tsibiri don kar kuɗina su tafi a banza, ban ji daɗin ko ɗaya ba.

Na uku jirgin da ke tsaye-tsaye a hanya kamar bas. Wanda ya fi suna shi ne na kamfanin United daga Honolulu zuwa Guam a tekun Fasifik, yana yada zango a Majuro, Kwajalein, Kosrae, Pohnpei da Chuuk, yini guda cur. Kwajalein sansanin soja ne, ba ka sauka sai da izini. Irin wannan jirgin ka gwada neman farashi ta ɓangaren da ake sa garuruwa da yawa a tikiti ɗaya, wani lokaci tsayawa kwana biyu a tsakiya bai ƙara wani abin kirki ba.

Sauran dabarun ka san su: kauce wa lokacin hutun makaranta da manyan bukukuwan wurin, gwada tsakiyar sati, gwada tafiya ta jirgin sama dawowa ta ruwa. Daga Darussalam zuwa Zanzibar kusan minti 20 ne a sama, awa 2 a jirgin ruwa mai gudu, irin wannan gajeriyar hanyar in ka lissafa zuwa filin jirgi da jira sai ka ga ba ka ci ribar lokacin da kake zato ba. Abu ɗaya dai, maganar nan ta jira sai ana gobe tafiya farashi zai faɗi ba ta aiki a jirgi mai kujera 9.

4. Sayen tikitin

Saya kai tsaye daga kamfanin jirgin. Shafukan dillalai na iya rage maka 'yan kuɗi kaɗan, amma ranar da aka canja lokaci, kuma za a canja, saƙon dillali zai je wa ba kai ba, in ka je kanta su ce koma wurin wanda ya sayar maka, shi kuma yana wata nahiyar ba ya ɗaga waya. In kamfanin ba shi da shafin saye, ka tura imel ko WhatsApp zuwa lambar da ke shafinsu na ainihi, ko ka roƙi masaukin da za ka sauka su kama maka wuri, su sun san ejan ɗin ido da ido. Kar ka tura kuɗi asusun wani mutum da ka samu lambarsa a ƙarƙashin wani hoto a Facebook. Ka nemi lambar bukin da rasit, ka ɗauki hotonsu, ka kuma buga a takarda.

Sunanka ya zama daidai da na fasfo harafi da harafi. In shafi ya tambaye ka ko a cire kuɗin da kuɗin ƙasarka ko na ƙasarsu, zaɓi nasu ka bar bankinka ya yi canjin, canjin shafi ya fi tsada kusan kullum. Ka duba rana da kyau in kana yankin Fasifik, don layin da ke raba kwanan wata ya ratsa ta can: a ƙarshen 2011 Samoa ta tsallake 30 ga Disamba, yanzu tsakaninta da Samoa ta Amurka awa 24 ne cif, ka tashi daga Samoa Litinin ka yi tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba ka sauka ranar Lahadi. Mutane na yin bukin ɗin otal a ranar da ba ita ba saboda wannan.

Sai maganar tikiti ɗaya ko rarrabe. In duk tafiyar na kan lambar bukin ɗaya, jirgin farko ya makara ka rasa na biyu, kamfani ne zai sa ka a na gaba. In ka saye su daban-daban, wanda shi ne ya fi araha kuma sau da yawa shi kaɗai ne zai yiwu, to ba ruwan kowa da kai, kai ne ka makara. Kuma ka duba ko canjin jirgin zai sa ka shiga wata ƙasa, don wasu tsibiran mallakar Faransa ne ko Amurka ko Holan, bizarsu daban take da ta ƙasar da ke kusa da su.

5. Kwanan rara

Ƙa'idata ba ta canjawa: ba na haɗa ƙaramin jirgi da babban jirgin komawa a rana ɗaya. Aƙalla kwana ɗaya a tsakani, in wurin hazo ne ko duwatsu ko damina kwana biyu, in jirgin sau ɗaya ko biyu yake tashi a sati to ina fitowa a wanda ke kafin na ƙarshe, don in an soke ya zama akwai saura. Dalili kuwa yawancin ƙananan filayen nan matuƙi da idonsa yake sauka, ba na'urar da za ta jagorance shi cikin gajimare, wasu ko fitila babu. Titin Lukla mita 527 ne a tsayin mita 2,845, gabansa dutse bayansa kwazazzabo, na tsibirin Saba a Karebiyan mita 400 ne ruwa gaba da baya. A irin wannan wurin in gajimare ya sauko ba wanda zai tashi ko da kuwa waye a cikin jirgin. Tsarin da ya fi shi ne ka fara da wuri mafi nisa, ka riƙa matsowa kusa da babban gari, kwanakin ƙarshe ka yi su a inda ko mota za ta kai ka filin jirgi.

6. Kaya

A yawancin waɗannan jiragen kilo 15 ne, wasu 10, kuma sau da yawa har da jakar hannu a lissafin. Kilo 23 ko 30 ɗin da babban jirgi ya ba ka bai shafe su ba in tikitin daban ne. Ba mugunta suke yi ba, jirgi na da iyakar nauyin da zai iya tashi da shi, fasinja da kaya da mai duk a ciki, kuma in akwai zafi ko filin na kan tudu iska ta yi sirara, fiffike ba ya samun abin da zai taka sosai, sai nauyin da aka yarda ya ƙara raguwa. Shi ya sa za ka ga kujera biyu babu kowa amma a ce jirgi ya cika.

Abin da nake yi, ina barin babbar jaka a otal ɗin babban gari ko ma'ajiyar filin jirgi, in tafi da ƙarama. Takalmi mai nauyi da rigar sanyi a jikina suke. Magani, caja, takardu da kaya kala ɗaya suna cikin 'yar jakar da ke kan cinyata, don ko ka biya kuɗin ƙarin kilo ba alkawari ba ne kayan za su bi jirgin da ka hau. Na taɓa tsayawa a gefen wata rumfar kwano da ita ce duk filin jirgin, ina kallo aka sauke kwalayen magani da buhun wasiƙu da wata tayar babur, jakata babu, ma'aikacin ya ce ba komai za ta zo jibi, kuma jibin ta zo, amma kwana biyu na yi ina wanke riga ɗaya da daddare ina shanyawa a kan kujera. Tukunyar gas ta girki, fetur da makamantansu ba sa hawa jirgi ko kaɗan, a can za ka saya.

7. Ana gobe tafiya da ranar tafiya

Ana gobe kira su ko ka leƙa ofishinsu ka tabbatar da lokaci, don ƙananan kamfanoni ba makara kawai suke yi ba, suna iya matso da lokaci gaba, su haɗe jirage biyu, ko su juya jerin tsibiran da za su bi. Ka ba su lambar da ke aiki a wurin, in layinka ba ya kamawa ba su ta masaukinka. Tun wajen saye ka zaɓi jirgin farko na safe, iska ta fi kwanciya, gajimare bai taru ba, kuma jirgi ɗaya ne ke zagayawa yini guda, duk makarar da ya tara na yamma ne ke biya.

Je da wuri ko da filin ɗaki ɗaya ne. Za su ce ka hau sikeli rungume da jakarka a gaban kowa, hau kawai, in kuma tambayar nauyinka suka yi faɗi gaskiya kar ka rage ko kilo ɗaya, da wannan lissafin ake raba wurin zama. In matuƙi ya leƙo ya ce malam dawo gaba, ko hajiya koma ɗaya gefen, daidaita jirgi yake yi, ba a gardama. Ka zaga bayan gida kafin a tashi don ƙananan ba su da shi. A filin kuma bi inda aka nuna maka, kar ka kusanci farfela ko tana tsaye, kar ka tsaya ɗaukar hoto a bayan jirgi. Kujerar da ke daidai fiffike ta fi ƙarancin girgiza. In ka yi nutso da tukunyar iska a teku kar ka hau jirgi a ranar, masana sun ce aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan da yawa, ni dai kwana guda nake bari.

8. In an soke

Kar ka tsaya faɗa, ba zai kori hazo ba, kuma yayin da kake ɗaga murya wasu na rubuta sunansu a jirgin gaba. Ka sani a wurare da yawa waɗanda aka soke wa jirgi ba su ne kan gaba gobe ba, masu tikitin goben ne kan gaba, ku sai abin da ya rage, don haka mutum biyun farko a layi ne ke samun wuri. Je kanta nan take, cikin ladabi ka ce a sa ka a jerin masu jira, ka karɓi takardar shaidar sokewa mai ɗauke da dalili don inshora ba ta biya sai da ita, sannan ka kira masaukinka ka riƙe ɗaki kafin sauran fasinjoji su tuna. A jiragen da ke tashi daga ƙasashen Tarayyar Turai, har da tsibiran Azores, Madeira da Canary, dokar 261 ta 2004 ta ce in yanayi ne ya jawo ba diyya, amma dole su ba ka zaɓin mayar da kuɗi ko wani jirgin, su kuma kula da cinka da kwananka. A wasu wuraren haƙuri kawai za a ba ka. In kaya ne suka lalace ko suka makara, cike takardar ƙorafi kafin ka bar filin, a tafiyar ƙasa da ƙasa yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta ba da kwana 7 na lalacewa da 21 na makara.

9. In babu kujera ko babu jirgin ma

Intanet ya ce ya cika ba yana nufin ya cika ba, wasu kamfanonin na riƙe kujera ɗaya ko biyu saboda marasa lafiya da ma'aikata, su sake ta a ƙarshe. Je filin da sassafe da 'yar jakarka, mai kilo 7 ya fi mai kilo 20 damar shiga nesa ba kusa ba. In ku da yawa ne kuka maƙale, ku tambayi kuɗin shatar jirgi ku raba, mutum takwas ko tara a Caravan wani lokaci abin bai fi tikiti da yawa ba, kuma ku tambaya ko akwai jirgin da ya kawo wasu zai koma fanko, wannan ana samun sauƙinsa sosai. Amma fa kamfani mai lasisin ɗaukar fasinja, ba wani mai jirgi da aka ce maka yana da kirki ba. Tarayyar Turai na wallafa jerin kamfanonin da ta hana shiga sararinta saboda matsalar tsaro, ina dubawa kafin in sayi tikitin kamfanin da ban sani ba. Kuma in matuƙi ya ce yau ba za a tashi ba, kar ka shiga cikin masu roƙonsa ya daure.

In ruwa za ka bi, nemi babban jirgin fasinja mai jadawali ko na dakon kaya da ke ɗaukar mutane, ka tuna iskar da ta hana jirgin sama tashi ita ce dai ke kaɗa teku, don haka ƙaramin kwale-kwalen da zai zo ya ce zai tsallakar da kai yanzu-yanzu a ranar da aka soke jirgi saboda iska, ka ce masa ka gode. In ba rigar ruwa da za ta ishi kowa, ko ka ga lodi ya yi yawa har gefen na shan ruwa, sauka ka jira na gobe, ka kuma tura wa kamfanin babban jirginka saƙo tun kafin lokacin tashinsa ya yi, don canja rana kafin jirgi ya tashi ya fi sauƙi ƙwarai a kan bayan an rubuta ba ka zo ba, wanda a yawancin kamfanoni yana soke sauran tikitin gaba ɗaya.